Shekarar da Rijiyar Lambu Ta Yi Zartsi

Har yau idan na gyangyaɗa bayan azahar, kukan jigo nake ji. Jigon mahaifina ne, doguwar sandar nan mai guga a baki, a lambunmu na fadamar Gubuchi. Ina lumshe ido sai in ga ruwa yana bin magudana a hankali, yana shiga fangali ɗaya bayan ɗaya, ƙasa tana sha tana yin duhu.

Shekarun farko ne bayan samun 'yancin kai. Na yi aure ke nan, ina ganin babu wanda ya kai ni sanin duniya. Baba kuwa albasa ce duniyarsa, musamman wadda ake bari ta yi fure don a sami iri. Irin ya gada daga mahaifinsa, ja, mai yajin da ke sa mai daka kuka. Irin albasa kuma ba ya jure ajiya. Idan shekara ta wuce ba a fitar da sabo ba, ya yanke ke nan.

A wata shekara sai damina ta ɗauke da wuri. Rijiyar lambu ta ja baya, muka shiga muka ƙara mata zurfi, sai ga ruwa garai-garai yana ɓulɓulowa. Murna muka yi har da tsalle. Babu wanda ya kai shi baki, domin ruwan sha daga gida muke zuwa da shi a gora. Na lambu na shuka ne, haka muka taso muka gani.

Sannu a hankali bakin ganye ya fara ƙonewa. Albasa tana yaushi tun da sassafe, ƙasa kuwa a jiƙe. Mu dai abin da muka sani shi ne, in shuka ta yi yaushi ƙishi take ji, don haka muka ninka ban ruwa. Wani farin abu ya fito a gefen fangali kamar an barbaɗa gari. Wallahi kyau ya yi mini. Da hantsi yakan yi ƙyalli, in tsaya riƙe da igiyar guga ina kallo, hankalina ya tafi can wani wuri.

Wata rana gora ta ƙare, ƙishi ya matsa wa Baba, ya kamfato daga guga. Ya daɗe da ruwan a baki kafin ya tofar.

"Zartsi ne," ya ce. "Kanwa muke ba ta."

Ashe duk gugan da muka zuba, rana ta shanye ruwan ta bar gishirin a saiwa. Muka koma yin jigilar ruwan gida a kan jaki, amma an makara. 'Yan kaɗan suka yi fure, fari sol, ƙudan zuma har suka zo. Da suka bushe Baba ya murza a tafin hannu ya hura, babu ƙwaya ko ɗaya.

Akwai wani mutumin Kudan da Baba ya taɓa ba shi irin nan kyauta. Muka tafi wurinsa neman iri. Ga kawunan irin a rataye a zaurensa, baƙaƙen ƙwayoyi har suna zubowa kan tabarma. Aka gaisa, aka tambayi iyali, aka tambayi rani, aka sake gaisawa. Baba ya yaba masa rufin zaure, ya yaba masa jaki. Sai kawai ya miƙe ya yi sallama. Raina ya ɓaci ƙwarai, don tafiyar ba kusa ba ce.

Muka kamo hanyar gida. Sai da muka hangi rimayen garinmu ya tsaya, bai dube ni ba.

"Gobe ka koma kai kaɗai," ya ce. "Bakina ba zai iya faɗin cewa irin ubana a hannuna ya mutu ba."