Hannuwan Yaya Sada

Da damunar bana Yaya Sada ya cika shekara goma sha ɗaya da rasuwa. Shi ne babba a ɗakinmu, ni ne auta. Duk wanda ya zauna Jibiya a wancan lokacin ya san shi ko da bai san sunansa ba, domin shi ke tuƙa motar asibitin da ake kira idan an yi haɗari tsakanin Daddara da bakin iyaka. Ni malamin firamare ne, ban saba rubutu a jarida ba, amma ina ganin lokaci ya yi da zan faɗi abin da na sani a kansa.

A takarda direba ne kawai. A kan titi kuwa shi ke ɓalle ƙofa, shi ke ciro mutum, shi ke ɗauka. Su biyu ne a motar, shi da Malam Iro, ma'aikacin jinya. Kayan aikinsu ba su wuce ƙarfen cire taya da kwalin safar hannu ta roba ba, irin siririyar nan da ake duba marar lafiya da ita, wadda gilashi na taɓa ta take yagewa. Idan kwalin ya ƙare, sai Yaya ya zura hannu cikin baƙar leda ya ɗaure a wuya. A ƙafarsa silifas ne. Mu a gida dariya muke yi masa, muna cewa ya koma mai sayar da nama.

Sau ɗaya na taɓa ganinsa a bakin aiki. Ranar kasuwa ce da hantsi, ina kan babur, na tarar wata ƙaramar mota da ta taso daga wajen Maraɗi ta shige ƙarƙashin babbar motar kaya, irin wadda mutanen can ke kira kamiyo. Jama'a sun kewaye suna salati. Yaya ya shiga ta tagar baya har ƙugu, ledar hannunsa ta daɗe da yagewa. Da ya jawo wata mata waje, na ga tafinsa a tsage, jininsa da nata sun haɗu ba a bambancewa.

Na ce, "Yaya, hannunka!"

Ya ce, "Bar batun hannu. Zo ka riƙe mata kai, kar ka bari ya motsa."

Na riƙe. Shi kuwa yana yi mata magana a hankali, yana ce mata ɗiyarta na nan lafiya, ga ta can a hannun Malam Iro. Matar ta rayu. Bayan wata biyu mijinta ya tsallako da buhun albasa ya kawo godiya, Yaya ya raba wa maƙwabta. Shi dai a ranar ruwan buta ya zuba wa hannun, ya naɗe da tsumma, ya koma kan sitiyari.

Shekaru bayan haka ya fara ramewa, idonsa ya yi ɗorawa. Muka ce shawara ce, aka yi ta jiƙe-jiƙe. Da abin ya ƙi, muka kai shi Katsina. Likita ya ce ciwon hanta ne, irin wanda ke bin jini, kuma ya riga ya ci jiki. Ya tambaye shi ko an taɓa ƙara masa jini. Yaya ya buɗe tafukansa ya nuna masa tabban da ke ciki, ya ce, "Ba a taɓa ƙara mani ba, likita. Amma na mutane da yawa ya bi ta nan." Likitan bai ce daga nan ne ba, bai kuma ce ba daga nan ba ne. Har yau ba wanda ya san rana ko mutumin.

Abin da ya fi damun Yaya shi ne iyalinsa. Bai samu natsuwa ba sai da aka gwada matarsa da 'ya'yansa huɗu aka ce ba su ɗauka ba, aka yi masu allurar rigakafi. Ranar ce kaɗai na ga hawayensa. Ya yi wata bakwai bayan nan Allah ya karɓi abinsa.

Yau idan motar asibiti ko ta 'yan kwana-kwana ta wuce, nakan tsaya in duba mutanen da ke ciki. Da yawansu na da hular kwano, da riga mai ƙyalli da direba zai hango daga nesa, da takalmi mai kauri da ƙusa ba ta hudawa. Nakan ce da Yaya na nan da ya juya takalmin nan yana duba ɗinkinsa, ya yi murna kamar nasa ne. Na kuma san da ya yi faɗa, domin kayan ba su kai ga kowa ba, wasu kuma da suka samu suna barinsu a mota saboda zafi. Abin da ban san yadda zai ɗauka ba shi ne taron da ke kewaye haɗari yanzu, kowa ya ɗaga waya yana ɗaukar hoto. A zamaninsa ko ba komai wani zai kawo ruwa.

Watan jiya wata motar itace ta kife kusa da mararrabar Gangara, ina wajen. Motar asibiti na tsayawa wani ma'aikaci ya diro da gudu hannu tsirara. Direban ya daka masa tsawa da kalma ɗaya: "Hannu!" Mutumin ya juya, ya saka safar roba, ya ɗora ta fata mai kauri a kai, sannan ya nufi wanda ya ji rauni. Da aka gama na tambayi direban inda suka samo wannan. Ya ce shi dai haka ya tarar ana yi.

Na je na ba Malam Iro labari. Ya yi ritaya, yana noma a Farfaru. Da na gama sai ya ce, "Ashe ba ka sani ba?" Ya ce a watannin ƙarshe, lokacin da mu muke zaton Yaya na zuwa asibiti karɓar magani, tabarma yake shimfiɗawa a bakin ƙofar asibitin. Da kansa ya sa wani baduku ya ɗinka wa ma'aikatan motar safar fata guda biyu. Duk sanda aka kira mota, sai ya dafa bango ya miƙe ya tare hanya, ba ya kaucewa sai kowa ya ɗaga hannu ya nuna masa ya saka safa.

Yaya bai bar gida na kansa ba, ba a kuma rubuta sunansa a jikin komai ba. Direban nan na Gangara bai taɓa jin labarinsa ba, ni ma ban gaya masa ba. Amma ma'aikacin da aka daka wa tsawa ya koma wajen iyalinsa ranar da hannunsa ba ko ƙwarzane. Allah ya jiƙan Yaya Sada, ya sa aikinsa ya bi shi.