Inda Muryar Malam Labbo Ta Tsaya

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Malam Labbo ya rasu.

Da safen nan ina ɗaure akuya a bayan gida wayata ta yi ƙara. Ƙanensa ne, Isiya, daga asibitin da aka kwantar da shi a Sabon Birni. Sabis yana ɗaukewa yana dawowa, abin da kunnena ya kama kawai shi ne, "Malam Sani, sai haƙuri, Yaya ya cika." Na ce ya maimaita. Ya maimaita. Na zauna a kan turmi, akuyar ta ja igiyarta ta yi gaba, ko bin ta da ido ban yi ba.

Yanzu muka dawo daga maƙabarta, ko ƙafa ban wanke ba. Ku yi haƙuri in rubutun ya yi tsawo ko ya hargitse. Ba ni da wanda za ni gaya wa wannan magana sai ku.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Malam Labbo shi ne shugaban Islamiyyar garinmu, ni kuma ina koyarwa a ƙarƙashinsa tun ban yi aure ba. Ya girme ni nesa ba kusa ba. A gaban yara Malam Sani yake ce mini. In mu biyu ne kuwa, Sarkin Zafi, don ni mutum ne mai saurin hawa, kuma duk wanda ya zauna da ni ya shaida.

Lokacin da matata ta haihu ina kwance da zazzaɓi, kullum sai mu tarar da itacen wankan jego an jibge a ƙofar gida. Babu sallama, babu saƙo. Sai daga baya maƙwabta suka ce Malam ne ke kawowa a bayan kekensa.

In iyayen yaran ruga suka kawo masa nono, ba ya kaiwa gida. A ofis ake damawa, ya miƙo mini ludayi ya ce in sha ko zuciyata ta yi sanyi. Fulatancinsa kuwa duk a karye yake. Yaran su yi ta ƙyalƙyala dariya, shi ma yana taya su.

Amma abin da garin nan zai fi tunawa da shi, shi ne tirka-tirkarsa da masu tebur.

Shekarun baya tebura sun yi wa makarantarmu zobe. Alewa, biskit, cingam, ashana, sannan kwalayen sigari a jere a sama, irin wadda 'yan babur ke shigowa da ita ta wajen Burkusuma, can bakin iyaka. Ba sai yaro ya sayi kwali ba. Kara ɗaya ma ana miƙa masa, a kyasta masa wuta kyauta. Muka fara tsintar guntaye a bayan makewayin makaranta.

Ni shawarata ita ce mu fita da manyan ɗalibai mu kifar da teburan kowa ya huta. Malam ya dube ni ya ce, "Sarkin Zahi, in munka kihe su yau, gobe mi ɗiyansu za su ci? Tashi mu tai ga Maigari."

Ya yi ta sintiri a ƙofar Maigari har aka gaji aka kira taro. Kowa ya yarda a nisanta taba da makaranta. Gardamar ita ce, har ina? Wani ya ce a auna da igiya, aka ce igiyar wa, ta guga ko ta awon gona? Wani ya ce a auna da taki, aka ce ƙafar wa? Bawa, wanda teburinsa ya fi na kowa girma, ya ce shi dai ya yarda in da ƙafar jikansa mai rarrafe za a yi. Wuri ya kaure da dariya.

Sai Maigari ya gyara zama ya yanke magana.

"Dut inda a ka jin karatun ɗiya, ba a sai da taba nan. Inda kunne ya bar ji, can kowa shi kahwa tebur nai."

Wallahi ranar har kabbara na yi. Muka ce wannan shi ne hukuncin manya. Babu awo, babu jayayya, kunnen kowa shaida ne.

Ranar gwaji, Bawa ya nemi a tura Baba Ango mai gyaran takalmi, tsohon da sai an yi masa ihu a kunne yake amsa sallama. Aka ce a'a, aka tura ɗan aiken Maigari. Malam ya fito da yara kaf tsakar makaranta ya ce, "Yau kowa shi buɗe ƙirji nai." Karatu ya tashi, kajin maƙwabta suka watse. Ɗan aiken yana tafiya yana tsayawa yana kasa kunne, masu tebur na biye da shi fuska a murtuke. Bai daina ji ba sai da ya wuce tasha ya kai bakin fadama. Can teburan suka koma suna gunaguni.

Ba a kafa turke ba, ba a aza dutse ba. Babu wanda ya ga dalilin yin haka, har shi Malam ɗin. Makarantar da yara ke zama har kan taga saboda cika, wa zai kawo wa ransa wata rana za ta yi shiru?

Kun san abin da ya same mu a yankin nan, ba sai na ba ku labari ba.

Rugage ne suka fara tashi saboda mutanen daji. Sai ƙauyukan gefe. Sai cikin gari, wannan ya kwashe iyali zuwa Isa, wancan Sakkwato, wasu suka tsallaka Nijar. Maigari ma 'ya'yansa suka zo suka ɗauke shi. Duk gidan da ya tashi, karatun safe ya ƙara sirancewa.

Teburan suka fara matsowa. Ba a rana ɗaya ba. Daga bakin fadama zuwa tasha, daga tasha zuwa rumfar mahauta, sannu sannu kamar ruwa na cin bango.

Na je na sami Bawa na zazzage masa kwandon masifa. Ya bar ni sai da na gama.

"Malam Sani, ni ban karya dokar Maigari ba. Taho tsaya nan inda ni ke. Yi kurum. Kana jin wani abu?"

Na tsaya. Ban ji komai ba.

"To ka gani. Gonata na can, ba ni iya zuwa. Shanuna an kore su. Tebur ɗin ga shi ka ci da gidana."

Na dawo da masifata a baki, na rasa inda za ni sauke ta.

Malam ya fitar da karatu daga aji ya mayar jikin katanga ta waje. Ya aro lasifikar masallaci, kuma ta yi aiki, don a ranar teburan suka ja baya. Amma ba a je ko'ina ba iyaye mata suka aiko da roƙo. Suka ce don Allah a kashe abin nan, ana yi wa na daji shela cewa ga yara an tara wuri ɗaya. Malam bai yi musu ba, don ya san gaskiya suka faɗa. Da hannunsa ya naɗe wayar ya mayar masallaci.

Daga nan sai maƙogwaro. Nasa da na 'yan yaran da suka rage.

A lokacin ne ya ɗora ɗana Lukman a kan jan karatu. Lukman bai kai sha biyar ba, amma Allah ya ba shi murya kamar ta mai shela. Shi zai ja, saura su amsa, Malam na gefe yana ɗorawa da tasa. Kullum da safe sai ya ciro citta da kanumfari daga aljihu ya ba shi ya tauna. Yaron da sai na yi da gaske yake tashi, ya koma shi ke riga kowa zuwa. Ni kuwa na yi ta hura hanci ina ce wa mutane gado ne.

Haɗuwarmu ta ƙarshe, ranar da za a tafi da Malam asibiti ne. Na same shi a gindin katangar nan a kan buzunsa, ana jiran mota. Muryarsa ta riga ta tafi, sai da na kai kunnena daf da bakinsa. Ya kama hannuna.

"Akwai maganad da ni ɓoye maka. Lukumanu, na ishe shi bayan tasha da kara ga baki, tun damanar bara. Ban hwaɗa maka ba, don na san hannunka ya hi bakinka sauri."

Na yunƙura za ni tashi, ya riƙe ni da wani ƙarfi da ban san ya rage masa ba.

"Zamna. Na ce mai, ƙirji nai shi na iyakar garin ga. In ya ƙone shi, tebur na zuwa har ƙohwa. Tun rannan bai koma ba. Yaro na son a ba shi abin riƙo. Kak ka buge shi. Ka jiya? Ko ka gani da idonka, kak ka buge shi."

Na ce na ji, Malam.

Da aka kama shi za a sa a mota, ya ɗaga kai ya dubi gabas, ya yi mini nuni da hannu in shigar da tabarmi, hadari na haɗuwa. Shi ke nan. Ban sake ganin sa da rai ba.

Bayan tafiyarsa na yi ta buɗe makaranta. Amma iyaye shi suka amince wa da 'ya'yansu a wannan zamani na ɗar-ɗar, ba ni ba, kuma ban ga laifinsu ba. Kullum sai an ragu. Akwai safiyar da Lukman ya ja karatu, masu amsawa ba su kai a ji su a tsallaken hanya ba. Ya sake ja da ƙarfi. Ya sake. Sai ya waiwayo ya dube ni, ni kuma na sunkuyar da kai ina duba allon wani yaro. Washegari ya ce maƙogwaronsa na ciwo.

Yau da muka ɗauko makara, ta gaban makaranta hanya ta biyo da mu. Ƙofa a rufe. Tebura a jingine da katanga, an lulluɓe su da buhuna don girmama gawa. Masu su duk suna cikin sahu. Bawa yana cikin waɗanda suka haƙa kabari, gumi da hawaye sun haɗe masa a gemu, yana ta cewa, "Mun yi rashin uba." Na neme shi da haushi a zuciyata, wallahi ban samu ba. Ni da kullum ba na rasa wanda za ni yi wa faɗa, yau na duba gabas da yamma babu kowa.

Da aka gama rufewa aka shafa addu'a, Lukman ya ratso mutane ya faɗa jikina yana kuka. Rabon da ya yi haka tun yana ɗan mitsitsi. Na rungume shi.

Sai na ji warin.

A rigarsa, a numfashinsa. Ba tsohon wari ba ne, na safiyar yau ne.

Hannuna ya ɗaga da kansa. Na sauke shi a hankali na dafa kan yaron. Ya san na ji, don sai ya ƙara ƙanƙame ni, kukansa ya canza.

Ban buge shi ba, Malam.

Amma ban san me ke biye da haka ba, ba ka kai ga gaya mini ba. Kai ka ba shi abin riƙo, ni hannuna wayam. Kada wani ya rubuto mini cewa a kai ƙara ko a sake kafa doka. Wurin wa? Maigari ba ya nan, makaranta babu yara, gobe da hantsi za a yaye buhunan nan a ci gaba da ciniki, kuma babu wanda ya karya komai. Ni na sare, jama'a. Ba na jin kunyar faɗa.

Ga Lukman can a zaure zaune shi kaɗai. Ni ina tsakar gida ina danna waya, don na kasa fita in haɗa ido da shi.

Ya Allah, ga bawanka Labbo ya zo gare ka. Ya ƙarar da muryarsa a kan littafinka da 'ya'yan mutane. Ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa, ka haskaka shi, ka sa Aljanna Firdausi ce makomarsa. Ka ba iyalinsa haƙuri. Ka dawo mana da mutanenmu gidajensu lafiya.

Duk wanda ya karanta har nan, don Allah kada ka wuce da danna hoton hawaye kawai. Ajiye wayar, ka yi wa Malam Labbo Ƙulhuwallahu. In ka gama, ka ƙara da sunan Lukman, don yanzu ba shi da kowa sai ni.