Ɗan Lurwanu Mai Zane

Duk unguwarmu ta Mansur a nan Makka an ji cewa ɗan Lurwanu ya rikiɗe ya zama mace tsakanin la'asar da magariba. Wata tsohuwa ma ta rantse a gabanta aka yi, har da ƙara kamar tulu ya fashe. Ƙarya ce tsagwaronta. Dawuda namiji ne, ni na ci naman sunansa, har na ƙara. Zane kawai ubansa ya ɗaura masa.

Lurwanu taubashina ne. Tare muka baro Katsina a goye, muka iso Makka da gemu. Kafin ya kafa teburin tsirensa, ya yi kuku a jirgin ruwan da ke zirga-zirga tsakanin Sawakin da Jidda. Mai kula da injin wani Bature ne ɗan ƙasar Ailan, wanda in ka ce masa Ingilishi sai ya ƙaurace wa girkinka. Shi ya cika wa Lurwanu kunne da labarin kakarsa. Wai ba ta fashin coci, amma tana ajiye wa mutanen ɓoye madara a bakin ƙofa, kuma ba ta watsar da ruwan wanke ƙafa sai ta yi musu gafara. Wai a ƙauyensu yara maza rigar mata ake sa musu, don aljanun can maza kaɗai suke sata.

Lurwanu ya dawo kansa a ɗaure. "Anya ba Maguzawa ne suka ɓace hanya suka yi fari ba?"

Da dariya muke ba da labarin, har matarsa Baraka ta binne 'ya'ya maza uku, ba wanda ya kai yaye. Da aka samu Dawuda, an yi rubutu, an shafa zamzam, an huda masa kunne irin na ɗan wabi. Sai Lurwanu ya ƙara da zane da ɗankwali.

Tun ranar bai huta ba. Ya tambayi malamin zawiyarmu, malam ya ce bai taɓa ganinsa a littafi ba, ya dawo jibi. Ya tambaye ni ko aljanun Hijaz sun san dokar na Ailan. Da asuba ya kwance zanen yana istigfari, yaro na yin tari sau ɗaya ya mayar. Zanen nan ya hau ya sauka fiye da farashin rago ranar Arfa.

Jiya na tarar da shi yana fifita wuta, Dawuda na tatata da ɗankwalinsa a karkace. Na ce, "Ya shehi, in ta girma ni zan fara kawo goro. Ko kuwa lefe za mu haɗa masa?"

Bai ko ɗago ba. Ya ce, "Ka bar shi ya girma tukuna, sai mu ga wanda za a kai wa. Kai ai tsirara uwarka ta bar ka har ka yi wayo, ba aljanin da ya ga abin ɗauka."