Ranar da Baba ya nemi birki a kan ruwa

Muna tsakiyar kogin Volta wani kwale-kwale ya gifta ta gaban jirginmu. Sai na ga ƙafar Baba ta dama tana danna katako da ƙarfi. Birki yake nema.

Baba direban babbar mota ne a Nima. Ranar ya kwaso matan unguwarmu yawon shan iska a jirgin ruwa, ba a daɗe da gama dam ɗin Akosombo ba. Ni kuwa na gama firamare ke nan, ga kunya, ko gaisuwa sai an matsa mini.

Direba a wurin motarsa yake zama har a dawo. Amma da Baba ya ga na kasa bin matan ni kaɗai, sai ya kulle mota ya shigo tare da ni.

Magajiya, shugabar matan, ta hango ƙafar, ta fashe da dariya.

"Direba, wannan motar ba ta da birki fa! Ashe tsoron ruwa kake yi?"

Duk mata suka juyo. Baba ya sunkuyar da kai, goshinsa duk gumi.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"A'a Magajiya, ni ce mai tsoron. Bugawa yake yi don ya ɗauke mini hankali."

Nan take tsokana ta dawo kaina. Baba ya matso, ya raɗa mini, "Allah ya yi miki albarka. Amma kada ki gaya wa Mma."

Har ya rasu ban gaya wa mahaifiyar tawa ko wani ba, sai yau.

Ku fa, kun taɓa ganin tsoro a fuskar mahaifinku? Yaya kuka yi?