Kunnen Baba a Cikin Hayaniyar Kasuwa

Shekarun baya, bayan hare-hare sun taso mu daga Kakangi mun dawo cikin Birnin Gwari, mahaifina ya kama rumfar hatsi a kasuwa, dab da masu injin niƙa. A nan aka fara kawo mini ƙararsa. Wai Baba ya daina amsa gaisuwa. Mutum zai yi masa sallama, shi kuwa yana ta awon masararsa.

Abin haushin, a gida ba abin da ke wuce kunnensa. Zan yi wa matata raɗa a ɗaki, ya ba ni amsa daga tsakar gida. Mahaifiyata ta ce ita ta daɗe da sani, abin da ya ga dama yake ji.

Muna ɗaukar abin wasa har ya taɓa amininsa, wani dattijo Bafulatani da shanunsa suka saba kwana a gonarmu bayan girbi. Ranar kasuwa ya zo ta gefe ya gaishe shi, ya sake gaishe shi, Baba bai ɗago ba. Lokacin kuwa ana yi wa duk Bafulatani kallon tuhuma. Ya juya ya tafi, ya aiko cewa ya gane, ba zai ƙara kunyata shi a gaban mutane ba. Baba ya rantse bai ji ba, abinci ma ya daina shigar masa.

Haka na sa shi a mota, muka bi ayari muka ratsa dajin nan zuwa Kaduna, kowa na salati a ransa. A asibiti aka shigar da shi wani ɗaki shiru, aka yi ta kaɗa masa 'yan sautuka, yana ɗaga hannu ba kuskure. Likitar ta ce jinsa bai da laifi. Na ce mata, "Likita, wannan hanyar muka biyo don a gaya mana haka?"

Ta yi murmushi, ta sa masa wata 'yar roba a kunnen dama, ta sakar masa ƙara mai shuuu a na hagu. Ta ce ba kunne kaɗai ke aika wa ƙwaƙwalwa saƙo ba, ƙwaƙwalwar ma tana da jijiyoyin da take mayar da umarni can cikin kunne. In hayaniya ta tashi, sai ta ce wa kunnen ya rage ɗaukar ƙarar, don muryar mutum ta fito fili. A kunne mai lafiya na'urarta kan nuna wannan ragewar. A na Baba da ƙyar ta motsa. Tana ganin shi ya sa injin da muryar mutane ke cakuɗe masa. Ba magani, in ji ta, sai dai ya bar kusa da injin, kuma a riƙa fuskantarsa in za a yi magana.

Na dawo da ilimina ina taƙama. Duk wanda ya tambaya sai in ce ai ba kunne ba ne, daga ƙwaƙwalwa ne. Kafin la'asar ɗin washegari unguwa ta ɗauka Baba ya taɓu. Gwaggota ta taso daga Kuyello da turaren hayaƙi. Na yi bayani har muryata ta dishe, har zanen kunne na yi a ƙasa da tsinke. Su gyaɗa kai, su ce Allah ya ba shi lafiya.

Wannan jita-jitar ce ta kawo amininsa, da ƙwaryar kindirmo, idonsa jawur. Baba ya ja shi zaure inda ba hayaniya, suka daɗe. Da aminin ya fito ya dube ni ya ce, "Yaro, lafiyar ubanka ƙalau. Kai ne dai bakinka ke buƙatar likita."

Baba ya mayar da rumfarsa can ƙarshen layi, gaisuwa ta dawo. Ni kuma na koyi zagayowa gaban mutum kafin in yi fushi da shirunsa.

Amma har yau akwai tsofaffin da in mun haɗu sai su rage murya, su taɓa gefen kansu da yatsa, su ce ya jikin Baba. Na gaji da zancen jijiya. Cewa nake yi da sauƙi.