Kifanyar Da Ta Ƙi Buɗe Baki

Ranar wata Asabar ce a daminar farko bayan sojoji sun miƙa mulki ga farar hula, da misalin ƙarfe goma na safe, a zauren taron wata makarantar firamare da ke Mahuta, kudu da Kogin Kaduna. Mahalarta 'yan wata ƙungiya ce ta masu kiwon kifin ado, da iyalansu, da 'yan kallo, sai kuma ni da rikoda rataye a kafaɗa. Na daɗe ina aikin rediyo, na je tarukan da yawancinsu sun goge daga kaina tun kafin kaset ɗinsu ya tsufa. Wannan kam yana nan daram, ba na kuma jin akwai ranar da zai gushe daga zuciyata.

Ba da son raina na je ba. A shekarar nan kowa magana yake yi. Bakunan da aka daɗe da rufewa sun buɗe, abokan aikina suna ta zirga-zirga tsakanin majalisa da gidajen 'yan siyasa, ni kuwa sai aka ce in je in ɗauko gwanjon kifi saboda shirin ƙarshen mako. A lokacin, sanina da kifi bai wuce tarwaɗa da karfasa a cikin miya ba. Ga kuma wata matsala ta sana'a: kifi ba ya kuka, ba ya motsin da makirufo zai kama. Abin da aka fara koya mana a wurin aiki shi ne shiru a rediyo laifi ne, mai sauraro zai ɗauka tasha ta lalace ya murɗa gaba. Na shiga zauren ina tunanin da me zan cika mintocina.

Ina shiga na tsaya cik. An jera tebura a jikin bango, a kansu akwatunan gilashi cike da ruwa garau, ƙananan injuna suna hura iska a ciki, kumfa tana tashi a jere kamar carbi. Akwai jajayen kifaye masu jela kamar mayafi, akwai wasu faffaɗa sirara da ke tafiya a tsaye cikin ƙasaita, akwai 'yan mitsi-mitsi masu wani shuɗin layi da ke walƙiya in sun juya, kuma duk tare suke juyawa kamar an ba su umarni. Ban taɓa sanin akwai irin waɗannan launuka a cikin ruwa ba, balle in yi zaton suna zaune a falukan makanikai da 'yan kasuwa da ma'aikatan masaƙa a garin da nake kwana nake tashi.

Da bita aka fara. Wanda ya gudanar da ita wani malamin kiwon kifi ne da ƙungiyar ta gayyato, mutum marar hayaniya. Ya nuna yadda ake barin ruwan famfo ya kwana a buɗaɗɗen mazubi kafin a saka kifi, don maganin da ake zuba wa ruwan ya fice. Ya nuna yadda ake ɗora ledar sabon kifi a kan ruwan akwati a bar ta tana yawo har ɗumin ruwan biyu ya daidaita. Da ya zo kan abin da za a yi in an ɗauke wuta injin iska ya tsaya, sai zauren ya kaure, domin kowa yana da gawar kifin da ya taɓa kwasa. Ya ce a riƙa ɗiban ruwan da kofi ana zubo shi daga sama, ko da hannu zai gaji. Na ga dattawa masu furfura suna gwadawa ɗaya bayan ɗaya kamar 'yan aji ɗaya.

Daga nan aka shiga gwanjo. Mai gwanjon wani ɗan kasuwa ne Inyamuri daga Sabon Tasha, mai ƙaton ciki da muryar da ba ta buƙatar lasifika, amma duk da haka ya riƙe ta. Yana yi da Hausa, ya koma Turancin kasuwa, ya dawo, ba ya tuntuɓe. Zai ɗaga leda sama haske ya ratsa ta, ya yabi kifin kamar mai kai amarya. Da ya hango ni sai ya ce, "Anti mai rediyo, ki faɗa wa mutanen gari wannan ba na miya ba ne. Wanda ya soya shi, kuɗinsa ya soya." Ya zolayi shugaban ƙungiyar, wani Alhaji da ya yi ritaya daga masaƙa, cewa kifayen gidansa sun fi 'ya'yansa ƙiba. Alhajin ya ce ai su ba sa neman kuɗin makaranta. Kaset ɗina ya cika da dariya, hankalina ya kwanta.

Can ƙarshen benci akwai wata mata sanye da baƙaƙen kaya, ta rungume wani bokitin roba a cinya, ba ta yi dariya ko sau ɗaya ba. Na tambaya aka ba ni labarinta. 'Yar Kudancin Kaduna ce, tela. Mijinta makanike ne a Kakuri, ɗan ƙabilar mai gwanjon kuma amininsa, yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar. Bai daɗe da rasuwa ba. Abin alfaharinsa shi ne wasu kifaye biyu, mace da namiji, 'yan asalin wani babban tafki a gabashin Afirka, waɗanda ya ɗauko daga Legas a kan cinyarsa a cikin mota. Babu mai irinsu a ƙungiyar, shi ma bai gama sanin halinsu ba ajali ya riske shi. Bayan rasuwarsa aka yi wata doguwar ɗaukewar wuta, namijin ya mutu. Tun daga lokacin macen ta daina cin abinci. Matar za ta bar gidan haya ta koma wurin yayarta a Kakau, don haka ta kawo akwatin gilashin mijin, da duwatsunsa, da kifanyar, a sayar wa wanda zai iya riƙe ta.

Da aka zo kanta, aka zuba kifanyar a wani ƙaramin gilashi aka ɗora a tebur. Tsawonta bai wuce yatsa ba, launinta ruwan ɗorawa, da baƙin layi a gadon baya. Amma cikinta ya shafe, ƙasan haɓarta ya kumbura ya yi duhu, bakinta a rufe gam, sai dai ta riƙa motsa shi kamar mai tauna. Mai gwanjon ya watsa mata abinci. Ta matso, ta kalla, ta juya. A karon farko a ranar, muryarsa ta sauka.

Alhaji ya taso ya duƙa ya daɗe yana dubawa. Ƙungiyar tana da doka, wadda suka kafa bayan wata cuta ta taɓa share musu akwatuna: kifin da aka ga alamar ciwo a jikinsa ba a gwanjonsa, ba a kuma bari ya shiga gidan kowa, kashe shi ake yi a binne. Ya miƙe ya ce a hankali, "Madam, ki yi haƙuri. Kumburin nan da ƙin cin abincin nan, ba mu da yadda za mu yi. Maigidanki da kansa yana cikin waɗanda suka sa dokar."

Ta ce, "Alhaji, ba ciwo ba ne. Makoki take yi. Ni ma ai ban ci ba."

Babu wanda ya yi dariya. Mai gwanjon ya ce mata, "Matarmu, zauna tukuna." Na ga wani ya riga ya ɗauko 'yar raga. Ita kuwa ta dafa gilashin da hannu biyu, tana cewa kifanyar ce kaɗai mai rai da ta rage a cikin abin da mijinta ya bari.

A nan ne malamin bitar ya nemi a dakata. Bai yi wa kowa alkawari ba. Ya ce mai yiwuwa ciwo ne kamar yadda Alhaji ya faɗa, amma akwai wani abu da yake zato, kuma ba za a tabbatar da shi cikin wannan hayaniya ba. Ya roƙi a mayar da ita akwatin da ta saba da shi, a ba ta inuwa, a ba ta shiru. Alhaji ya duba agogo ya ce an ba shi zuwa kiran sallar azahar, in ba a ga komai ba doka za ta yi aikinta.

Aka ɗauko akwatin mamacin aka cika da ruwan da ya kwana, matar ta jera duwatsun da wani fasasshen kasko daidai yadda mijinta yake jera su, domin ita kaɗai ta san tsarin. Aka saki kifanyar ta shige ƙarƙashin kaskon. Ana neman abin rufewa sai matar ta kwance baƙin zanen da ta ɗaura a sama, ta lulluɓe akwatin ta bar fuska ɗaya. Aka kashe lasifika. Iyaye suka riƙe yara. Mutane suka ja baya suka zauna, wasu a benci wasu a ƙasa.

Ban taɓa jin shiru irin wannan a cikin taron jama'a ba. Babu abin da ake ji sai kumfar iska da yayyafin da ya fara sauka a kan kwano. Yatsana yana kan maɓallin tsayar da rikoda, horon shekaru yana ce mini asarar kaset nake yi, amma na kasa dannawa. Lokaci ya yi ta tafiya. Alhaji ya sake duban agogo. Matar tana durƙushe, leɓɓanta suna motsi.

Sai kifanyar ta fito. Ta zagaya kaskon, ta tsaya, ta sake zagayawa. Ta sunkuyar da kai wajen yashi, ta ja da baya kaɗan, ta buɗe baki.

Wani abu ƙarami ya fito, kamar ƙwayar shinkafa mai idanu. Ya tsaya a ruwa, ya kaɗa jela. Wani ya biyo shi, sai wani, sai wasu a tare. Kafin mu ankara, 'ya'yan kifi sun taru a gaban fuskarta, cikakku, rayayyu, kowanne da ɗan ɗigon ruwan ɗorawa a jikinsa, suna tsintar abin da ido ba ya gani a kan duwatsu. Kumburin haɓarta ya sace a kan idonmu. Na ji wani a bayana yana tasbihi ƙasa-ƙasa, wata a gefena tana kiran sunan Yesu, babu wanda ya ɗaga murya.

Abin da ya biyo baya shi ya fi girgiza ni. Wani ya miƙe don ya gani da kyau, bencinsa ya ja ƙasa da ƙara. Nan take uwar ta karkata jiki ta buɗe baki, 'ya'yan nan suka rugo suka shige ɗaya bayan ɗaya, wani ma da ya makara sai da ta bi shi ta ɗauke. Cikin ƙiftawar ido ruwan ya koma fayau kamar ba a taɓa yin komai ba, ita kuma ta koma yadda muka fara ganinta, haɓa a kumbure, baki a rufe.

Malamin ya yi bayani da murya ƙasa. Ya ce irin wannan kifi, in mace ta yi ƙwai namiji ya ba shi rai, sai ta kwashe a baki ta riƙe har ya ƙyanƙyashe, har 'ya'yan su yi ƙwari, kuma duk tsawon makonnin nan ba ta cin komai don kada ta haɗiye su. Taunar da muka gani juya su take yi don su sami iska. Ke nan kafin namijin ya mutu ya bar mata su. Ya ƙara da cewa karfasar da muke saya a bakin kogin nan ma haka take yi. Na tuna yawan karfasar da na yanka a rayuwata ban taɓa sanin abin da bakinta yake iya ɗauka ba.

Alhaji ya cire hula ya shafa kai ya mayar. Ya ce, "Madam, mun kusa ɗaukar alhaki. Ki yafe mana." Daidai lokacin aka kira sallah.

Bayan an dawo, hannuwa suka tashi ta ko'ina, kowa yana so. Mai gwanjon ya dube ta, idanunsa jajaye, ya ce, "Matarmu, me kika ce? Yau sai farashin da kika yanka."

Ta ce, "Ba ta sayarwa ba ce. Akwatin ma na fasa sayar da shi." Sannan ta juya wurin malamin ta ce, "Malam, ka koya mini abin da yaran nan za su ci."

Na koma ofis na saurari kaset ɗin. A tsakiyarsa akwai dogon shiru, sai kumfa, sai yayyafi, sai numfashin mutane. Na yanke barkwanci da yawa, amma na bar wani yanki na shirun nan, na gabatar da shi da jimla ɗaya. Tun daga ranar na daina saurin yanke hukunci a kan bakin da na gani a rufe. A shekarar da kowa yake ɗaga murya, kifanya mai tsawon yatsa ta koya mini cewa wani shirun ba ciwo ba ne, ba kuma rashin abin faɗa ba ne, amana ce mai shi yake riƙe da ita, kuma ba zai sake ta ba sai ya ga wurin da ba za a cutar da ita ba. Aikin mai tambaya shi ne ya samar da wannan wuri, ya jira.

Matar ta koma Kakau da akwatin a bayan motar mai gwanjon. A gwanjon shekarar da ta biyo baya ta zo da ledoji cike da kifaye ruwan ɗorawa, kuma daga cikinsu na sayi biyu na farko da na taɓa kiwo.