Yadda Na Rabu da Tattabaruna

Aji huɗu na yi a firamare ta Bungudu, don haka in ana zancen kimiyya ba na sunkuyar da kai. Shi ya sa ni na raka ɗiyata wajen likita a Gusau kan ciwon jikata.

Yarinyar 'yar Tudun Wada ce, ruwan leda, takalmi har cikin ɗaki. Duk hutun da aka kawo min ita, da ta leƙa ɗakin tattabaruna sai atishawa, ido ja, jiki ruɗu-ruɗu, ƙirji na kukan usur. Ɗiyata ta ce, "Baba, in ba a gano dalili ba, ta daina zuwa."

Likitar ta ce, "Baba, a fata da hanci da hanji akwai ƙwayoyin gadi da aka haife mu da su. Ba su tambayar suna, da sun ji baƙo sai ihu. Irin ihunsu ke gaya wa sojojin jini makamin da za su ƙera, su kuwa sojojin ba su mantuwa. In tsutsar ciki ce, ihun shi ne a kawo majina da ƙaiƙayi a kore ta. Na jikarka ƙurar gashin tattabara suka yi wa ihun tsutsa."

Na gyara hula na ce, "Daidai, haka ni ma na hango. Nawa masu gadin sun ga aiki. Wanka a gulbi, yawo ba takalmi, tsutsar da na fitar ina yaro, da kifi ce da an yi miya. Nata ba su taɓa ganin ɓarawo ba, sai suka cafke baƙon kirki."

Likitar ta yi dariya. "Kar dai ka ba ta ruwan gulbi."

"To a lallashe su mana."

"Magani zai rage, Baba, amma sojoji sun haddace fuskar tattabara."

Tun ina saurayi nake kiwon tattabarun nan. Na zuba su a kwando, na hau mota zuwa Tsafe, na danƙa wa wani abokina Bafulatani. Na dawo na wanke ɗakin, na shafe shi da farar ƙasa.

Da hutu ya zo, jikata ta tsaya bakin ƙofar ɗakin ta ja numfashi. Shiru, ba usur.

"Tsoho, ina tsuntsayen?"

Na ce, "Ma'aikatanki marasa tarbiyya sun kore su. Shigo da jakarki, ɗakin ya zama naki."